An kama ni da gudun mil 88 a Bajiniya: tara zan biya ko sai na je kotu?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. A Bronx nake zaune, cikin birnin New York, kuma da tuƙi nake ciyar da iyalina. Watan jiya mun je suna Greensboro, a jihar Karolina ta Arewa, wajen 'yan'uwa. A hanyar dawowa ɗan sanda ya tsayar da ni a kan babbar hanya mai lamba 85, cikin jihar Bajiniya, ya ce mil 88 nake yi a wurin da allo ya ce 70. Wallahi ba ni kaɗai ba ne, haka kowa yake tafiya. Ya ba ni takarda na sa hannu. Da na shiga intanet zan biya, sai na tarar babu damar biya, ranar zuwa kotu kawai aka sa mini. Abokaina sun ce in share, tunda lasisina na New York ne maganar ba za ta biyo ni ba. Shin dokar gudu ba ɗaya ba ce a duk Amurka? Yaya zan yi?

Amsa:

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka share, kuma kada ka bari ranar nan ta wuce ka. Abokanka alheri suke nufi, amma da dokar New York suke auna maganar, kai kuwa a Bajiniya aka tsayar da kai.

Ɗauko takardar ka duba inda ɗan sandan ya rubuta lambar dokar da ka karya. In ka ga 46.2-862, to abin da ke hannunka sammaci ne na tuhumar tuƙin ganganci. Dokar Bajiniya ta ce duk wanda ya ɗora mil 20 ko fiye a kan abin da allo ya ƙayyade, ko kuma ya haura mil 85 ko da nawa allon ya ce, ya yi tuƙin ganganci. Kai mil 18 ka ɗora, ba ka kai 20 ba, amma ka tsallake 85 da mil uku, kuma ukun nan su ne suka fitar da kai daga sahun masu biyan tara suka shigar da kai sahun waɗanda ake tuhuma da aikata laifi. Kafin 1 ga Yulin 2020 ma iyakar 80 ce, daga baya majalisar jihar ta ɗaga ta. Laifin yana cikin aji na ɗaya na ƙananan laifuka, ajin da tuƙi cikin maye yake. Iyakar hukuncinsa ɗaurin wata 12, tarar dala 2,500, dakatar da tuƙi har wata shida, da maki shida a kundin direba, kuma yakan zauna a kundin tuƙin jihar shekara 11. Shi ya sa ba ka ga wurin biya ba. Da mil 84 aka rubuta maka, da tarar dala shida a kan kowane mil da ka ɗora za ka biya, tare da kuɗin kotu, ka huta. Hannun da ka sa kuwa ba amsa laifi ba ne, alkawari ne ka ɗauka cewa za ka bayyana a gaban alƙali.

Dokar ba ɗaya ba ce. Mu da muka tashi a inda hukuma guda ce ke tsara gudu daga Legas har Maiduguri, kilomita 100 ga ƙananan motoci a kan titi mai tagwayen hanya, mukan ɗauka nan ma haka ne. A Amurka kowace jiha ita ke yanka wa kanta. An taɓa yin lokacin da gwamnatin tarayya ta sa hannu: bayan ƙasashen Larabawa sun hana sayar wa Amurka mai a 1973, Shugaba Nixon ya rattaba hannu a Janairun 1974 a kan dokar da ta tsayar da gudu a mil 55 a duk ƙasar, don a rage shan mai, kuma jihar da ta ƙi bi za a hana ta kuɗin hanya. A 1987 aka sassauta zuwa 65 a manyan hanyoyin karkara, a 1995 kuma aka soke dokar baki ɗaya, iko ya koma hannun jihohi. Tun daga nan kowa ya kama gabansa. A Teksas akwai wani yanki na hanya mai lamba 130, kudu da birnin Austin, da aka yarda a yi 85. A Montana har ƙarshen shekarun 1990 babu lamba da rana, doka cewa kawai ta yi a yi gudun da hankali zai ɗauka, sai da kotun ƙolin jihar ta ce wannan ba ta fayyace komai ba a 1998, sannan suka kafa allo. Jihar New York ba ta wuce 65, cikin birnin kuma 25 ne tun 2014 in babu allon da ya ce wani abu daban. Bajiniya ƙarshenta 70. Wato gudun da ya halatta a wani yankin Teksas, ka ƙara masa mil guda a Bajiniya ya zama laifin da za a iya ɗaure mutum a kansa.

Hukuncin ma haka ya rarrabu. A Jojiya in ka kai 85 a kowace hanya, ko 75 a hanya mai layi biyu, jihar za ta aiko maka da ƙarin dala 200 bayan tarar da kotu ta yanka, in ba ka biya ba su dakatar da kai. A Kalifoniya manyan motoci ba sa wuce 55 ko da ƙananan motoci suna yin 70 a gefensu. Amma a hanyar da mutanenmu suka fi bi, tsakanin New York da Karolina ta Arewa, Bajiniya ce wurin da ya fi kama baƙi, musamman hanyoyi masu lamba 95, 85 da 81. Hanya ce miƙaƙƙiya, daji hagu da dama, mutum ya gaji yana son ya isa gida, ƙafa ta yi nauyi a kan totur bai sani ba.

Yanzu batun ko maganar za ta biyo ka. Abokanka sun ji wani abu mai tushe, rabinsa suka riƙe. Gaskiya ne hukumar lasisin New York ba ta ɗora wa mutum maki a kan laifin gudu da ya yi a wata jiha. Amma yawancin jihohi suna da yarjejeniyar musayar bayanai a tsakaninsu, Bajiniya da New York duk suna ciki. In ka ƙi amsa sammaci, maganar ba za ta mutu ba. Alƙali zai iya yanke maka hukunci a bayan idonka, ko ya ba da umarnin a kamo ka, umarnin kuma ya zauna cikin kwamfuta yana jiran ranar da wani ɗan sanda zai tsayar da kai saboda fitilar baya ta mutu. Ga kamfanin inshora, su ba ruwansu da maki, tarihin tuƙi suke dubawa su ƙara kuɗi.

Kai da tuƙi ne abincinka, abin ya fi nauyi a kanka. Kamfanonin ɗaukar fasinja ta waya suna sake duba tarihin direbobinsu lokaci zuwa lokaci, kuma tuƙin ganganci yana cikin manyan abubuwan da suke rufe wa mutum aiki a kansu. In lasisin manyan motoci gare ka, dokar tarayya ce ma take hawa kanka: ɗora mil 15 ko fiye, ko tuƙin ganganci, babban laifi ne a wurinta. Biyu cikin shekara uku a motar aiki, za a ajiye ka kwana 60, uku kuma kwana 120. Sannan ga takardun zama. Takardar neman zama ɗan ƙasa tana tambayar ko an taɓa kama ka, ko tuhumarka, ko yanke maka hukunci, kuma dole ka faɗa. In takardunka ba su kammala ba, ka nemi lauyan shige da fice ka nuna masa sammacin tun kafin ka amsa komai a kotu. Wannan ba wurin tsumulmular kuɗi ba ne.

Ban faɗi waɗannan don in tsorata ka ba. Wata 12 iyakar hukunci ce, ba abin da aka saba yankewa ba. Lauyoyin jihar sun san cewa maganar ɗauri takan fara tasowa ne in mutum ya haura 90, ta yi ƙarfi daga 100 zuwa sama, kuma kowace gunduma da zafin alƙalanta. Amma ana ɗaurewar, ba a duba fuska. Jayson Werth, fitaccen ɗan wasan besbol na ƙungiyar Washington Nationals a lokacin, an kama shi yana mil 105 a wurin 55 cikin gundumar Fairfax, kuma a 2015 ya yi kwana biyar a gidan yari. Kai da ke kan 88, in kundinka fes yake, akwai kyakkyawan fatan a sauko da tuhumar zuwa gudun wuce kima na yau da kullum, ko zuwa ƙaramin laifin tuƙin da bai dace ba, wanda ke sashe na 46.2-869: tararsa ba ta wuce dala 500, makinsa uku, kuma ba ya shiga tarihin masu laifi. Fata na ce, babu mai yi maka alkawari, ko lauya.

Abin da zan ce ka yi tun yau, ka nemi lauya a gundumar da aka rubuta a kan takardar, wanda kullum yana cikin wannan kotun, ya san alƙalin ya san 'yan sandan. Lauyan New York ba zai yi maka amfani a can ba. Sau da yawa kotu takan yarda lauya ya tsaya a madadin wanda ke zaune a wata jiha, amma ka tambaye shi ya tabbatar, kada ka yanke wa kanka. Ka ciro kundin tuƙinka daga hukumar lasisin New York. Ka kai motar wurin masu gwada agogon gudu su ba ka takardar shaida, domin kotunan Bajiniya suna karɓarta, kuma in ya tabbata agogonka yana nuna ƙasa da ainihin gudun da mil uku ko huɗu, wannan kaɗai zai iya mayar da kai ƙasa da 85. Mutane da yawa ba su san sauya girman taya yana rikita agogon ba. Ka kuma tambayi lauyan ko ka yi kwas ɗin gyaran tuƙi na awa takwas kafin ranar, alƙalai da dama suna ganinsa da daraja. Shi lauyan zai nemi ɗan sandan ya kawo shaidar cewa an gwada na'urar da ya auna ka da ita cikin wa'adin da doka ta sa.

In kai za ka je da kanka, ka isa da wuri, ka sa tufafi na mutunci. Ɗaki ne cike da mutane, ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, ɗan sanda ya buɗe littafinsa ya karanta rana da wuri da gudu, alƙali ya juyo ya tambaye ka abin da za ka ce. Shari'ar mutum guda ba ta cika wuce 'yan mintoci ba, don haka kowace kalma tana da nauyi. In Turancinka bai zauna ba, kana da haƙƙin a ba ka tafinta, ka kira ofishin magatakardan kotun ka nema tun da sauran lokaci. In hukuncin bai yi maka ba, kwana 10 gare ka ka ɗaukaka ƙara zuwa kotu ta gaba, can za a saurari maganar daga farko.

Abu guda kada ka faɗa a gaban alƙali, shi ne abin da ka faɗa mini: kowa haka yake tafiya. Amsa laifi ce ka yi da bakinka, kuma babu dokar da ta ce laifin jama'a yana wanke mutum guda. Ni ma kaina wannan maganar ita ta fi tsaya mini a tambayarka, fiye da sammacin. Mil 88 kusan kilomita 142 ne a awa, ɗan'uwa, kuma daga suna kuka fito, na tabbata motar ba kai kaɗai ta ɗauko ba. A wannan gudun mota tana cin kusan mita 39 a kowace daƙiƙa. Kafin idonka ya ga barewa ta faɗo hanya, ƙafarka ta tashi daga totur ta kai kan birki, ka riga ka shafe fiye da rabin filin ƙwallo. Ƙarfin karo kuma ba daidai da gudu yake hawa ba, ninkuwa yake yi: daga 70 zuwa 88 gudu ya ƙaru da kusan kashi 26 cikin ɗari, ƙarfin da zai daki jikin mutanen cikin motar kuwa ya ƙaru da kusan kashi 58. Hukumar kiyaye haɗurra ta tarayyar Amurka ta ƙirga sama da mutum 12,000 da suka mutu a 2022 a haɗurran da gudu yake da hannu a ciki, kusan kashi 29 na duk mace-macen hanya na shekarar. Abin da kake saya da wannan kasadar ɗan kaɗan ne: a tafiyar mil 100, bambancin 70 da 88 bai kai minti 18 ba. Ina ganin Bajiniya ta tsananta da ta mayar da mil 86 laifin da ke ɓata wa mutum suna, amma ba na ganin ta yi kuskure da ta ɗauki gudu da muhimmanci.

Gaba in za ku sake tafiya, ka riƙa kallon allo duk lokacin da ka tsallaka iyakar jiha, ka saita na'urar riƙe gudu ta motarka a kan lambar da ke jiki, ka bar masu sauri su wuce ta hagu. Ka rage sosai a wurin da ake aikin hanya da gaban makarantu, domin tara a can ta fi yawa kusan a kowace jiha. In kuma kana da na'urar nan da ke yi wa direba ƙara in ta hango na'urar 'yan sanda, ka cire ta kafin ka shiga Bajiniya, an haramta amfani da ita a can da kuma birnin Washington, tara ce ta daban.

Allah ya fitar da kai lafiya, ya raya abin da aka haifa.