Tsoffin sulalla sun yi baƙi, in goge su ko in bar su?

Tambaya: Malam, na gaji gwangwani guda cike da tsoffin sulalla na ƙasashe daban-daban daga mahaifina. Na azurfa sun yi baƙi, wasu na tagulla kuma sun fara yin kore. Niyyata in sa man goge ƙarfe su fita fes, in zuba a leda in adana. Hakan ya yi?

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinka. Ɗan'uwa, ajiye man nan tukuna, don garin neman gira za ka rasa ido.

Baƙin da ke jikin azurfa ba datti ba ne. Farar wuta da ke cikin iska ce ta haɗu da fatar ƙarfen a hankali, shekara da shekaru. Masu tara sulalla suna son wannan launi, wani lokacin ma har su ƙara kuɗi a kansa, domin yakan zama alamar cewa ba a goge sulen ba. Man goge ƙarfe kuwa yana cin fatar ne gaba ɗaya. A idonka sulen zai ɗauki walƙiya, amma gwani na ɗora masa gilashin ƙara girma, ya ɗan karkata shi ƙarƙashin fitila, zai ga siraran layuka kamar gashi sun bi fuskarsa. Ba sa gyaruwa. Kamfanonin tantance sulalla irin su PCGS da NGC na Amurka suna ba da maki daga 1 zuwa 70, a kan ma'aunin da wani masanin sulalla, William Sheldon, ya fito da shi a 1949, kuma sulen da aka goge ba sa ba shi maki sam. Rubutawa kawai suke yi cewa an wanke shi, farashinsa ya faɗi warwas.

Koren nan shi ne ya fi damuna, domin iri uku ne. Idan mai tauri ne, sumul, ya manne da jikin ƙarfen, ka bar shi. Kariya ce, irinsa ake yabo a tsoffin kuɗin Rumawa. Idan gari ne mai haske da ke zuba da an taɓa, wannan ita ce cutar tagulla: gishiri ne ya samu danshi yake cin ƙarfen, kuma ba ya tsayawa sai ya bar rami. Ka ware irin wannan daga sauran, ka sa shi wuri busasshe ƙayau, ka nemi masani. Na uku mai yauƙi ne da danƙo, kuma ledar da kake shirin amfani da ita ce ke jawo shi. Roba mai laushi ta PVC tana tsatso wani mai da sannu, ya kwanta a kan sulen, ya fara cinsa. Idan leda tana lanƙwasuwa luɓus tana warin sabuwar roba, ka guje ta. A kan azurfa, tsoma sulen cikin asiton tsantsa yana narkar da wannan danƙo ba tare da an goga ba, amma sinadari ne mai saurin kama wuta, kuma ruwan cire jan farce ba ya maye gurbinsa.

Ka fitar da su daga gwangwanin yau. Duk jijjigar da ka yi masa, sulalla na kartar juna, kuma zinariya, duk da ba ta tsatsa, ta fi kowa saurin ƙwarzanewa. Kowane sule ya samu gidansa: ƙaramin murfin roba mai tauri, ko ɗan kwali mai tagar Mylar, wata siririyar roba garai-garai da ba ta tsatso mai. Kada ka ɗaure su da robar ɗaure kuɗi, kada ka naɗe da jarida ko ulu, duk suna fitar da farar wuta.

Wajen ɗauka, ka kama gefe da babban yatsa da manuni, a saman tsumma mai taushi. Gumin yatsa yana da gishiri da maiƙo, bayan wasu watanni sai ka ga zanen yatsanka ya zauna a fuskar sulen daram. Ni ko magana ba na yi a kan sule mai daraja, don ɗigon yawu ɗaya yakan zama baƙin tabo.

Sai wurin ajiya. Ɗaki mai sanyi-sanyi, marar laima, wanda zafinsa ba ya hawa da sauka, domin sauyin ne ke sa raɓa ta kwanta a ƙarfe. Akwatin ƙarfe mai makulli yana hana ɓarawo, amma yana riƙe danshi, saboda haka ka jefa ƙunshin silika a ciki, irin ƙananan ƙwayoyin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi, kana canzawa. Kafin ka rufe, ɗauki hoton kowane sule gaba da baya, ka rubuta ƙasarsa da shekararsa da nauyinsa, ka ajiye takardar a wani wuri dabam da akwatin.