Shin in faɗa a wurin aiki ina da ciwon suga?

Ɗan'uwa, ka ce an gano kana da ciwon suga, ka fara allurar insulin, kana shawarar ko ka sanar a ofis ko ka yi shiru. Allah ya ba ka lafiya.

Ba sai kowa ya sani ba, amma mutum ɗaya ko biyu da kuke wuni tare lallai su sani, saboda faɗuwar suga. Insulin da ƙwayoyi irin su glibenclamide kan saukar da shi ƙasa da 70 mg/dL (ma'aunin suga a jini), musamman in ka yi allura abinci ya makara. Sai gumi, karkarwa, rikicewa, magana kamar ta mai maye. Wanda bai san lalurarka ba zai zaci shaye-shaye ne ko iska, a yi ta ɓata lokaci.

Nuna musu inda kake ajiye sukari da na'urar gwaji. In kana iya haɗiya, su dama maka ƙaramin cokali huɗu na sukari a ruwa, ko su ba ka rabin kwalbar lemo mai zaƙi. Bayan minti 15 a gwada, in bai hau ba a ƙara. In ka suma, kada a ɗura maka komai, za ka shaƙe. A kwantar da kai ta gefe, a garzaya asibiti.

Shugabanka kuwa, faɗa masa abin da ya shafi aiki kawai: lokacin cin abinci da ranakun ganin likita. Amma in tuƙi kake ko sarrafa inji, kada ka ɓoye, rayukan wasu na hannunka.

Mai shan ƙwayar ciwon suga ta metformin kaɗai da wuya sugansa ya faɗi haka, shi yana iya yin shiru in ya so.