Tambayi Anti: Masarata ta dafe, waken ko gezau

Anti barka da aiki. Dan Allah ina da tambaya, na gwada haɗin masara da wake ɗin nan na Amurkawa da ake ce wa sakotash, amma wallahi masarar ta yi yauƙi ta saki jiki shi kuma waken yana nan garas-garas kamar tsakuwa. Ina na kuskure?
Daga wata ƙanwarki

Ƙanwata ai tare kika zuba su, shi ne kawai matsalar. Busasshen waken lima, wato farin wake mai faɗi da ake yin sakotash da shi, sai ya kwana a jiƙe, ki zubar da ruwan ki sake wani ki dafa shi shi kaɗai kamar minti 45 zuwa awa 1, har sai kin latsa ƙwaya ɗaya da yatsa ta murƙushe, ita kuwa ɗanyar masara minti 5 ya ishe ta, in ta wuce haka zaƙinta ya tafi.

Ki narka bota a kasko, ki soya albasa da tattasai su yi laushi, sai masarar ta shiga, waken ya biyo baya, gishiri da masoro. Kuma in kin gama yanke ƙwayoyin kar ki yar da totuwar, ki kankare ta da bayan wuƙa, wani farin ruwa zai fito kamar madara, ni dai a wajena nan daɗin yake.

Asalinsa ma abincin 'yan asalin ƙasar Amurka ne, sunan daga yaren wata ƙabilarsu da ake kira Naragansat ya fito, kuma gefen nama ko kifi suke ajiye shi. Wasu na ƙara tumatir, ni ba na so, yana tsinka shi.