Tambayi Likita: Sukarin da ke jikin ƙwayar kansa ba na shayi ba ne

Tambaya: Likita, mahaifiyarmu tana karɓar maganin sankarar mama. An ce mana sukari ne abincin cutar, muka hana ta fura da tuwo, har dabino. Yanzu duk ta rame. Mun yi daidai? Daga wata baiwar Allah, Ƙofar Marusa, Katsina.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya, amma ku mayar mata da abincinta. Gaskiya ne ƙwayoyin kansa suna zuƙar gulukos, wato sukarin da ke cikin jini, fiye da lafiyayyu, Otto Warburg na Jamus ya lura da haka tun shekarun 1920. Sai dai ko Hajiya ba ta ci sukari ba, hanta za ta ƙera gulukos daga tsokar jikinta. Ke nan ita ce za ta ƙare, ba cutar ba, kuma ramammen majiyyaci ba ya jure ruwan kemo. Ku ƙara mata ƙwai, wake, kifi da dafaffen nono. Idan tana da ciwon suga, likitanta ne zai tsara mata ƙa'ida.

Tambaya: Na ji an ce ƙwayar kansa tana lulluɓe da sukari, shi ya sa garkuwar jiki ba ta ganin ta. Yaya abin yake? Daga wani malamin makaranta, Daura.

Amsa: Malam, kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana da wannan lulluɓi. Sarƙoƙin sukari ne da ƙwayar take ƙerawa da kanta, ta maƙala a kan furotin da kitsen fatarta. A ƙarshen sarƙoƙin akan sami wani sukari mai suna siyalik asid. Sojojin garkuwa, irin su ƙwayoyin NK, suna da masu tantancewa da ake kira Siglek-7 da Siglek-9. Da zarar sun taɓa siyalik asid, sai a ce musu na gida ne, su janye. Kansa da yawa sukan ninka wannan sukari a jikinsu, kamar ɓarawon da ya sa rigar mai gida ya wuce ta gaban maigadi.

Wajen yaɗuwa ma yana da hannu. Ƙwayar da ta ɓalle daga ƙari ta faɗa jini, galibi mutuwa take yi. Wadda ke ɗauke da wasu sarƙoƙin sukari masu suna siyalil Lewis kuwa, ƙwayoyin da ke daskarar da jini sukan manne mata ta hanyar wani furotin mai suna selektin, su rufe ta. Wani selektin ɗin da ke bangon jijiya ya rage mata gudu har ta tsaya, ta ratsa ta sauka a hanta, huhu ko ƙashi. Da wannan dabara fararen ƙwayoyin jini suke isa wurin rauni, kansa aro ta yi.

Masana irin su Carolyn Bertozzi ta Jami'ar Stanford a Amurka, wadda ta sami Nobel a 2022, suna gwajin maganin da zai aske siyalik asid ɗin. Gwaji ne tukuna. Duk mai sayar maka da jiƙo da sunan yana wanke wannan sukari, kuɗinka yake so.

Tambaya: Yayana yana fama da shawara, an auna CA 19-9 ya kai 150. Kansa ce? Daga wani ɗan kasuwa, Ƙofar Ƙaura.

Amsa: Alhaji, ba a yanke hukunci da wannan lamba ita kaɗai. CA 19-9 ɗaya ne daga sarƙoƙin da na ambata, a jini ake auna shi, kuma iyakarsa ga mai lafiya a yawancin dakunan gwaji 37 ne. Yana hawa a kansar fankiriyas, wato gaɓar da ke bayan tumbi mai taimaka wa narkar da abinci, amma tsakuwar matsarmama da ta toshe hanyar ɗaci, ko kumburin fankiriyas, su ma suna ɗaga shi. Akwai kuma waɗanda jikinsu ba ya ƙera shi sam, kuma sun fi yawa cikin baƙar fata, don haka sakamako mai kyau ma ba shaidar lafiya ba ne.

Ku kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. A fara da sikanin ciki, gwajin aikin hanta da na hepataitis B da C, in an ga alama a yi hoton CT. Idan toshewa ce, a maimaita CA 19-9 bayan an buɗe hanyar, shawarar ta sauka. Zazzaɓi da rawar sanyi a kan shawara kuwa ba a kwana da su a gida.