Shin ya kamata dokar hana shan taba ta ƙyale shisha da sigarin ganye?

Tambaya: Likita, a wani gidan cin abinci nake aiki. Maigidanmu yana barin masu shisha ta ganye su zuƙa a cikin zaure, wai tunda babu taba a ciki, dokar hana shan taba a wuraren jama'a ba ta shafe ta ba. Ni kuwa kullum da ciwon kai nake tashi daga aiki. Yana da gaskiya?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ƙara lafiya. Abu ɗaya maigidanka ya faɗa daidai: ganyen da ba taba ba babu nikotin a cikinsa, sinadarin nan da ke kama mutum ya kasa dainawa. Amma ai ba don nikotin aka yi dokar ba. Don hayaƙin da wanda bai sha ba yake shaƙa aka yi ta, wato irinka.

Duk ganyen da aka ƙona, ko na'ana'a ne ko furen wardi, yana fitar da kwalta da iskar kabon monoksaid. Shisha ma ta fi muni, domin garwashin gawayi ake ɗorawa a kanta. Wannan iskar ce take kashe mutane idan suka kwana da kaskon wuta a rufaffen ɗaki lokacin hunturu. Ba ta da wari ko launi, tana maƙale wa jini ta hana shi ɗaukar iskar oksijin, kuma ciwon kai na cikin alamunta na farko. Ruwan da ke cikin tulun shisha sanyaya hayaƙin kawai yake yi, ba ya tace gubar.

Ƙasashe sun sha wannan muhawara. Dokar Ayalan ta 2004 taba kaɗai ta kama. Amma Sikotilan a 2006 da Ingila a 2007 sun haɗa har da sigarin ganye. A Amurka, tun 2000 hukumar kula da cinikayya ta tilasta wa wani kamfanin sigarin ganye ya rubuta gargaɗin cewa yana da haɗari ga lafiya.

Ra'ayina bai kamata a cire shisha da sigarin ganye daga doka ba. Ko jami'in da zai duba, ta yaya zai gane da ido cewa wannan tulun ganye ne, wancan taba? Kowa sai ya ce nasa ganye ne.

Kai kuma, ka nemi a mayar da masu shishar waje, ka lura ko ciwon kan yana sauƙi ranar da ba ka je aiki ba. Idan jiri ko amai ya biyo baya, fita ka sha iska nan take, ka je asibiti.