Nutso a Ruwan Dadin Kowa Ba Irin Na Teku Ba Ne

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa tun da ka dawo daga koyon nutso da tulun iska a tekun Legas, duk lokacin da ka shiga madatsar ruwa ta Dadin Kowa da ke jihar Gombe sai ka ji kana zarcewa ƙasa, alhali kayanka ba su canza ba. Ka kuma ce a ganinka ruwan da yake kwance, babu igiya babu gishiri, ai ya kamata ya fi sauƙin aiki.

Amsar tambayar farko tana cikin gishirin. Ruwan teku ya fi ruwan daɗi nauyi da kimanin kashi 2.5 cikin 100, shi ya sa yake tallafe jikin mutum. Idan kai da kayanka kun kai kilo 100, to dalmar da kake ɗaurawa a ƙugu a Legas ta yi maka yawa a nan da kusan kilo biyu da rabi. Ka gwada kafin ka sauka: ka fitar da iskar da ke cikin rigarka mai tallafe ka a ruwa gaba ɗaya, ka ja numfashi irin na kullum, ruwa ya tsaya maka daidai ido, in ka saki numfashin kuma ka soma nutsewa sannu a hankali. Kwamfutar nutso da ke ɗaure a hannunka ma, in tana da wurin zaɓi, ka mayar da ita kan ruwan daɗi.

Batun sauƙi kuwa ban yarda da kai ba. Kogin Gongola ne yake cika wannan madatsa, kuma daga Yuli zuwa Satumba yana zuwa da laka mai yawa, har mutum ya kasa ganin tafin hannunsa, tocila kuwa ba ta ƙara komai sai hasken ya dawo maka a fuska. Ko da rani, idan ruwa ya washe, taɓon ƙasa yana da laushi ƙwarai, bugun ƙafa ɗaya ya ishe shi ya tashi ya rufe ka. Saboda haka ka lanƙwasa gwiwa ka riƙa tura ruwa ta baya kamar kwaɗo, kada ka sauka babu igiya, kuma ku daidaita alamun ja da mai riƙe ta tun kuna cikin kwalekwale. A ƙasa akwai kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, waɗanda tsofaffin taru da mamari suka nannaɗe. Idan ƙugiya ta kama ka, kada ka juya jiki, domin juyawar ce take ƙara ɗaure mutum, musamman ta bayan tulu inda hannu ba ya kai wa da sauƙi. Ka tsaya, ka lalubo zaren, ka yanke. Ni na fi amincewa da almakashi a kan wuƙa wajen zaren roba, amma ka ɗauki duka biyun.

Abin da ya fi duk waɗannan haɗari shi ne bakin madatsar kanta. Tashar wutar lantarkin da ke wurin mai ƙarfin megawat 40 ce, ga kuma ƙofofin sakin ruwa na noman rani. Duk inda ruwa mai zurfi ya sami kafar wucewa zuwa inda ya fi ƙasa, yana zuƙo abin da ya matso kusa, kuma daga sama ba a ganin alamar komai. A zurfin mita 10, kafar da tsawonta da faɗinta suke santimita 30 kacal tana iya danne mutum da ƙarfin da ya kai kusan kilo 900, wanda babu ƙaton da zai ɓamɓare shi. Don haka ba a nutso kusa da ƙofa bisa maganar baki. Sai an kashe inji, an rufe ƙofa, an sa kwaɗo, mabuɗin yana aljihun shugaban aikinku, sannan a zura igiya mai tsumma a gani ko ruwa yana janta, domin ƙofar da ba ta zauna daidai ba tana ci gaba da zuƙa.

Akwai kuma batun tudu, wanda masu koyo a bakin teku suke mantawa. Lissafin nutso na yau da kullum, wato na zurfi da tsawon lokacin da za a iya yi a ƙarƙashin ruwa, an yi shi ne don wurin da bai haura mita 300 daga doron teku ba, garin Bauchi kuwa yana wajen mita 600, saboda haka aiki a madatsar Gubi da ke kusa da garin yana bukatar lissafin tudu. Ka tashi a hankali, ka tsaya minti uku a mita 5. Bayan ka fito, kada ka kama hanyar Jos, wadda take sama da mita 1,000, domin hawa tudu yana sa naitirojin da ya taru a jiki ya yi kumfa, tamkar dai hawa jirgin sama. Ka jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 idan ka maimaita.

Kafin ka jiƙa ƙafa, ka je ka gaida Sarkin Ruwa da masunta, ka tambaye su inda suka shimfiɗa kayansu da inda dorina take kwana a makon, domin mai ɗa ba ta barin kwalekwale ya matso. Ruwan gefe mai ciyawa kuma akwai dodon koɗi mai yaɗa tsargiya, don haka ka shiga daga tsakiya, kuma idan ka ga jini a fitsari ka je asibiti ka gaya musu aikin da kake yi.