Laftop mara nauyi da katin girafik na waje: me ya kamata in saya?

Tambaya: Salamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a ABU, ina zaune a Samaru. Ina son laftop mara nauyi wadda zan riƙa zuwa lakca da ita, in na dawo ɗaki kuma in jona mata katin girafik na waje in buga gem, irin su GTA V da wasan ƙwallo. Kuɗina ba su da yawa. Wacce zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin ka tambayi sunan kamfani ko girman RAM, fara duba gefen laftop ɗin tukuna. Duk maganar nan a kan kafa ɗaya ta rataya, wato Thunderbolt, ramin da ake jona katin waje ta cikinsa. In babu ita, ko laftop ɗin ta kai me wajen kyau, ba ta yi maka ba.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne, kafar Thunderbolt da ta USB-C kamarsu ɗaya sak. Mai shago zai nuna maka ƙaramin ramin ya ce "ga shi nan, taif-si ne", kuma bai yi ƙarya ba, sai dai yawancin USB-C ba sa ɗaukar katin waje. Nemi alamar walƙiya a gefen kafar. Kada ma ka tsaya a nan: kunna ta a gaban mai shagon, ko a PZ ne ko a Sabon Gari, ka buɗe Device Manager, inda Windows ke jera kayan cikin na'ura, ka ga an rubuta Thunderbolt ko USB4 da idonka. Daga nan ka shiga BIOS, wato saitin na'urar da ake shiga kafin Windows ya tashi. Yawancin na hannu da ake kawowa daga ofisoshin Turai da Amurka suka fito, wasu an kulle su da kalmar sirri an kuma kashe kafar daga ciki. In ka tarar da haka, ajiye ta ka ɗauki wata.

Su ma Thunderbolt ɗin suna suka tara. Na 3 da na 4 duk gigabit 40 a daƙiƙa ake rubuta musu, amma a zamanin na 3 an bar wa kamfanoni zaɓi su ba kafar layi biyu ko huɗu zuwa furosesa. ThinkPad T480, wadda ta cika kasuwa kuma kowa ke yabon ƙarkonta, layi biyu gare ta. Haka tsohuwar Dell XPS 13 ƙirar 9360. Za su yi aiki, amma kamar a tura tirela ta lungun cikin birni ne. Da Thunderbolt 4 ya fito a 2020, Intel ya wajabta cikakken faɗin, don haka da shi babu wannan cacar.

Shi ya sa shawarata ita ce laftop ta ofis ta hannu mai furosesar Intel zubi na 11: Dell Latitude 5420, HP EliteBook 840 G8, ko ThinkPad X1 Carbon ta 2021. X1 ta fi su rashin nauyi, kilo ɗaya da ɗan ɗori, amma RAM ɗinta a liƙe yake, abin da ka saya da shi za ka zauna. Sauran biyun ana iya ƙara musu, ni kuwa su zan zaɓa wa ɗalibi: ka fara da giga 8, in hali ya yi ka kai 16. In aljihu ya ƙi, sauka zuwa zubi na 8, amma kada ka wuce nan. i7-7500U na zubi na 7 ƙwaƙwalwa biyu kawai gare shi, i5-8250U na zubi na 8 kuwa huɗu, sunan "i7" ɗin ne ke ruɗin mutane. Ga shi Windows 11 a hukumance daga zubi na 8 ya fara, Microsoft kuma ya daina kula da Windows 10 tun Oktoban 2025. MacBook mai M1 zuwa sama kuwa cire ta daga lissafi, ba ta karɓar katin waje.

Yanzu ga inda zan ɗan ɓata maka rai. Laftop ba ita kaɗai ce abin saye ba. Akwai akwatin da ake saka katin, irin Razer Core X, wanda da wuya ka same shi a shago a Zariya, sai dai oda. Akwai katin kansa. Akwai monita, don in ka buga a allon laftop ɗin, hoton sai ya fita ta waya ɗaya ya dawo ta cikinta, gudun ya ragu sosai. Kuma kada ka sayi babban kati, kafar ba za ta bar shi ya sake ba; RX 6600 ko RTX 3060 sun ishe ka.

Sai wuta. RTX 3060 shi kaɗai wat 170 yake sha, akwatin kuma ba shi da batir. Kana tsakiyar wasa aka ɗauke wuta, laftop na nan a kunne amma katin ya mutu, gem ya rufe, wani lokacin har allon ya koma shuɗi. Ƙaramar inbata ko UPS ta shiga lissafi ke nan. Ƙurar hunturu da zafin Afrilu kuma sai ka riƙa hure fankar katin.

Ɗauki biro ka haɗa kuɗin laftop, akwati, kati da monita, sannan ka tambayi farashin laftop ɗin gem ta hannu mai katinta a ciki, kamar Lenovo Legion 5 ko HP Victus. Sau da yawa za ka ga ta fi araha, kuma ana ɗauke wuta ba ta mutuwa. Aibinta nauyi, sama da kilo biyu ban da ƙatuwar caja, ga batir mara jimiri. In kullum a ƙafa kake shiga makaranta da jaka a baya, sayi Latitude 5420 yanzu ka yi karatunka, akwati da kati su biyo baya in kuɗi sun samu.